Haruffa Masu Takalmin Soja

Ni ban yi boko ba, har yau ɗin nan da jikokina suka girma. Amma wanda ya zauna Kawo kusa da tasha shekara da shekaru, ko bai san abin da rubutu ke cewa ba, zai san fuskarsa, kamar yadda kakan san fuskar mutum ba ka jin yarensa. Akwai rubutu siriri mai bin layi kamar tururuwa, irin na katin asibiti. Akwai mai lanƙwasa da wutsiya, irin na jikin motocin haya, wannan ɗan kwalliya ne, ba ya nufin kowa da sharri. Sa'an nan akwai wani, shi ne maganata.

Shi wannan, kowane harafi nasa kauri gare shi kamar taɓarya, babu inda ya sirance. Ba wuya, ba ƙugu. Inda sauran haruffa kan ƙare da ɗan tsini, shi sai ya ƙare da dunduniya mai faɗi, an datse ta tsaf kamar bulon siminti, sama dunduniya, ƙasa dunduniya. 'Yan ramukan da ke cikinsa ƙanana ne, kamar mutum ya ƙanƙance ido yana dubanka. In aka jera su, kafaɗa da kafaɗa suke tsayawa, ba mai jingina da wani. Ni na sa musu suna masu takalmin soja, matan unguwa suka karɓe sunan daga bakina.

Ban tsane su haka kawai ba. Na gan su a jikin turken wutar lantarki, ƙarƙashin hoton ƙoƙon kan mutum. Na gan su a gaban jarida ranakun da rediyo ke wuni tana kiɗan soja, maza na magana ƙasa-ƙasa. Da amai da gudawa ya shigo gari, su aka manna a ƙofar tasha. Da wani jirgin alhazai ya faɗi wajen sauka, mai jarida ya ɗaga ta sama yana gudu a bakin titi, su ne suka cika fuskar takardar. Ban taɓa ganinsu ranar farin ciki ba.

To, ana nan, ba a daɗe da maganar jirgin nan ba, Allah ya kira maigidana aikin hajji. Direba ne a wata ma'aikatar gwamnati. Ya tafi ya bar ni da yara, da kuma mahaifiyarsa, wadda muke kira Inna. Ta tsufa ainun, jikinta ya zama kamar kara, abincinta bai wuce fura da kunu ba. Shi ne ɗanta na fari, saboda haka ba ta kiran sunansa, ba ta tambayar lafiyarsa a gaban mutane. In za ta ambace shi sai ta ce wancan. Ni ma a matsayina na matarsa sunan bai taɓa fita daga bakina ba. Mu biyu muna gida ɗaya, muna jiran mutum ɗaya, ba mai iya kiran sunansa.

Mai kula da mu ƙaninsa ne, akawu, yana zaune Malali, yana da babur da baki. Tsakanina da shi wasa ne, kamar yadda aka saba tsakanin mace da ƙanin miji.

Aka gama hajji, alhazai suka fara dawowa. Aka sa mana rana. Muka shafe gida da farar ƙasa, ciki da waje, na sayi sabuwar tabarma, na daka yaji. Da hantsin ranar sai ga akawu da takarda a naɗe a hammata, da gwangwanin sitacin manna takarda a rataye a babur. Na ji yana ta goge-goge a bangon waje, na leƙa ta ƙofar zaure.

Takardar ta kusa tabarmar salla girma. Masu takalmin soja ne a kanta, baƙi ƙirin, a kan farin bangon da na shafe da hannuna.

Na ce, "Innalillahi. Malam akawu, me ya faru?"

Ya ce, "Me ya faru kuwa? Maraba ce. Barka da dawowa aka rubuta, ga sunan Yaya nan a ƙasa, da Alhaji a gabansa. Ko daga tsallaken titi za a karanta."

"Da waɗannan ake yi wa mutum maraba?"

"Matar Yaya, ke fa ƙauye bai gama fita daga jikinki ba. Wannan shi ne rubutun manya. Duba yadda suka tsaya, kamar Yaya in ya sha babbar riga."

"Kamar masu zuwa kama mutum dai."

"To ai kama shi za mu yi, mu kawo miki."

Ya yi dariyarsa ya hau babur, ya tafi tarye. Da la'asar ya dawo shi kaɗai. Ya ce jirginsu Yaya bai taso ba, layi ake bi, sai gobe. Gobe ta yi, ya ce sai jibi.

A rana ta biyun ne Inna ta ɗauki sandarta ta fita har ƙofar zaure, abin da ba ta saba ba. Na bi ta a baya. Ta tsaya gaban takardar nan ta daɗe tana dubanta, daga sama har ƙasa. Ta juyo, ta koma ɗaki, ta zauna a bakin gado. Na kai mata fura, ta sa bayan hannu ta ture ƙwaryar a hankali.

Sai an san yadda muke kai labarin mutuwa za a gane abin da ya shiga ranta. Mu ba ma faɗa kai tsaye. Ranar da mahaifina ya rasu, wanda aka aiko mini cewa ya yi jikin Baba ne ya ɗan motsa, yana son ganina. Muka shiga mota, yana ba ni labarin damina, har da saya mini rake a hanya, alhali an riga an binne. Ba mugunta ba ce, tausayi ne. Amma wanda ya girma cikin irin wannan tausayin, in aka ce masa lafiya lau, sai ya fara zaton mutuwa. Inna ta binne miji, ta binne 'ya'ya, kowane da lafiya lau aka fara gaya mata.

Akawu ya durƙusa gabanta ya rantse cewa wansa na nan da rai. Ta ce, "Allah ya yi maka albarka," ba ta dube shi ba. Aka kira malamin makarantar boko da ke maƙwabtaka da mu, ya tsaya a ƙofar zaure ya karanta takardar da ƙarfi don ta ji. Ta ce, "An gode. An gaya masa abin da zai ce." Duk wanda ya ƙara tabbatar mata, sai ya ƙara mata zargi.

Matan unguwa kuwa, su ma sun ga bango. Mai shigowa sai ta yi sallama da sanyin murya, ta zauna, ta ce, "Ya muka ji da jira?" tana leƙen fuskata. Wata maƙwabciyarmu, baiwar Allah mai kirki, ta aiko da tuwo a babban kwano ba wanda ya roƙe ta, irin yadda ake aika wa gidan da ba a hura wuta. Inna na kallo aka shigo da kwanon. Daga ranar ko kunu ta daina karɓa, sai ruwa, shi ma kurɓi.

In faɗi gaskiya, ni ma zargin ya kama ni. Na fara lura da akawu. Me ya sa yau bai tsokane ni ba? Me ya sa jiya ya tsokane ni fiye da kullum? In ya yi dariya sai in ce ta rufe wani abu ce, in ya yi shiru sai in ce ga ta nan ta fito. Na ce masa ya cire takardar. Ya ce in ya cire, Inna za ta ce an cire ne don maganar ta tabbata. Na duba, na ga gaskiyarsa.

Kwanaki suka ja. Inna ta kai ba ta iya tashi salla sai a zaune, leɓunanta suka bushe, muryarta ta koma kamar ta cikin rijiya. Wata safiya na durƙusa da kofin kunu na ce, "Inna, don girman Allah ko cokali ɗaya."

Ta dubi hannuna, ba fuskata ba. Ta ce, "'Yar nan, matar da ke jiran miji daga Makka, haka hannunta ke zama fari fat?"

Na dubi hannun nawa.

Ta ce, "Su maza bakinsu ɗaya. Ke ce ba za ki iya yi mini ƙarya da jikinki ba. In wancan na nan da rai, ki ƙunsa lalle in gani. In kin ƙunsa, zan sha."

Mai takaba ba ta lalle, ba ta kwalli, ba ta turare. Lalle kuma ba ya wankuwa. In na ƙunsa, labari ya zo daga baya cewa ya riga ya rasu, da jan hannu zan zauna karɓar gaisuwa, kowace mace ta shigo ta gani, a yi ta faɗa har jikoki: ga wadda ta yi ado mijinta na cikin ƙasa. Inna ta san abin da ta ɗora mini. In kuma ban ƙunsa ba, na gaya mata ya mutu ke nan, ita ma ta bi shi.

Na ce mata zan je kasuwa sayen lalle. Maigida ya bar mini izinin fita in lalurar Inna ta taso. Na yafa mayafi na fita, amma kafin kasuwa sai na nemi inda aka buga takardar. Akawu ya taɓa cewa bayan tasha ne, kusa da masu facin taya.

Ɗan shago ne mai duhu, yana warin tawada da kananzir. Ga wani inji na baƙin ƙarfe mai hannu kamar na famfon rijiya. Mai shagon dattijo ne gajere, yatsunsa baƙi har ƙumba. Na yi sallama daga bakin ƙofa, na gaya masa gidan da na fito.

Ya ce, "A'a, gidan Alhaji! Ya iso?"

Na ce, "Malam, tambaya na zo yi, kuma ina haɗa ka da Allah. Me ka buga a takardar nan?"

Ya faɗa, daidai da yadda akawu ya faɗa. Na ce a raina, shi ma an biyo ta kansa.

Na ce, "In maraba ce, me ya sa ka yi ta da haruffan masifa?"

Ya dube ni, bai yi dariya ba, wannan ya sa na ɗan saurare shi. Ya jawo wani faffaɗan akwati mai ɗaki-ɗaki, ya ce in matso. Ashe 'yan katakai ne. Kowane harafi an sassaƙa shi a kan guntun icce mai tauri, wani ya kai tafin hannu, sun yi baƙi sun yi santsi don tsufa. Ya ɗauko ɗaya ya miƙo mini. Na ƙi karɓa.

Na ce, "Me ya sa yake kallon baya?" Don na lura a juye yake, ba kamar na bangona ba.

Ya ce, "Haka suke kwana, baiwar Allah. Sai an shafa musu tawada an danna takarda a kansu, sa'an nan su juyo daidai."

Abin da ke kwana da fuska ɗaya ya fita da wata, ban ga dalilin yarda da shi ba. Na bar wannan a cikina.

Ya ce waɗannan ba na doguwar magana ba ne. In ka cika takarda da su sai su shaƙe juna, ido ya gaji. Na kalma biyu ne ko uku, wadda ake so direba ya gani yana cikin gudu, ko mai tafiya ya gani daga tsallake. Ya ce dunduniyar nan da nake tsoro ita ke zaunar da harafi, ta sa ya cika wurinsa, kuma ba ta saurin karyewa a inji kamar sirara. Ƙananan bayanai kuwa da haruffan darma ake yi, ya nuna mini su cikin wani akwati, kamar tsabar shinkafa.

Ya shiga ɗaga mini ragowar ayyukansa da ke rataye a igiya. Wannan na dambe ne. Wannan na sinima. Wannan gwanjon kaya. Wannan kiran mata su kai yara allura. Wannan cigiyar wani tsoho da ya fita daga Katabu bai koma ba. Wannan sabon sabulu. Duk da murya ɗaya, duk da takalmi ɗaya.

A jikin ta cigiyar ne na ga abin da ya tsayar da ni. Akwai wani harafi mai ƙafa biyu da ɗamara a tsakiya, dunduniyarsa ta hagu ta ɓantare kaɗan. Na san ɓantarewar nan. Kullum ina ganinta a bangona.

Na nuna da yatsa na ce, "Wannan, shi ne a gidana."

Ya ce, "Shi ne. Guda nawa gare ni? In na gama aiki sai in wanke su da kananzir in mayar akwati, gobe su fita wani aikin."

"Har na mutuwa?"

Ya ce, "Har na mutuwa. Icce ne, bai san abin da yake faɗa ba."

Na ce, "To ni ta yaya zan sani?"

Ya ce ta rasuwa yakan kewaye ta da baƙin layi mai kauri, tawa kuwa taurari ya sa mata a kusurwa. Na tuna akwai taurarin. Amma wanda zai ɓoye mutuwa ai zai iya cewa a sa taurari. Na gaya masa haka. Ya sosa gemu, ya bar baƙin tawada a ciki.

Can ya ce, "Yaron da ya kawo aikin, mai babur, ƙanin Alhaji ne?"

Na ce shi ne.

Ya ce, "Baiwar Allah, na tsufa a sana'ar nan. Wanda ya kawo aikin mutuwa ba ya ciniki. Abin da na faɗa shi yake bayarwa, ya juya ya tafi. Wannan kuwa sai da ya sa na yi gumi. Ya raina takardata, ya raina tawadata, ya ce injina ya girmi kakarsa, ya fita ya dawo, ya sake fita. A ƙarshe har sitacin mannawa sai da ya karɓa kyauta."

Wannan ce magana ta farko da ta shiga kunnena ta zauna. Na san akawu. Ba zai iya wasan ciniki da gawar wansa a ransa ba. Amma ina fita sai wata zuciyar ta ce mini: wannan ranar da ya kawo aikin ke nan. Abin da ya faru bayanta fa? Mai shago bai sani ba, katakansa ba su sani ba. Na tsaya a bakin tasha, motoci na ta kiran Zariya, na rasa wanda zan ƙara tambaya. Na wuce na sayi lallen.

Da hantsi na kwaɓa shi. Na shimfiɗa sabuwar tabarmar nan a tsakar gida, daidai inda Inna za ta hango ni daga gadonta. Na shafa wa ƙafafuna, na naɗe da ganye da tsumma. Na cusa hannu cikin zunguru, dogon goran nan na ƙunshi. Maƙwabciyar nan mai tuwo ta shigo ta gan ni, ta kama baki, ta koma da baya. Na zauna rana na dukana, ina jin sanyin lallen yana shiga fata, ina karanta duk addu'ar da na iya.

Da azahar na kwance. Ya kama, ja wur har ya nemi yin baƙi. Na sa kwalli. Na dama kunu mai tsami yadda take so, na kai mata da jan hannuna. Ta kama hannun ta juya shi, ta duba tafi, ta duba baya, ta shinshina. Sa'an nan ta karɓi kofin. Ta sha kaɗan, ta huta, ta ƙara. Da la'asar ta ce a dama mata fura.

Maigidana bai dawo washegari ba, bai dawo wanshekaren washegari ba. Kowace safiya in na zo alwala sai in ga hannuna, in kau da ido. In babur ya tsaya a ƙofar gida sai in ɓoye su cikin zane kafin in ji da wace murya akawu zai yi sallama. Inna kuwa tana ci, tana tashi, har ta fara faɗa da yara.

Lallen ya fara koɗewa a gefen yatsu ranar da muka ji mota ta tsaya, yara suka kwasa da ihu. Na leƙa. Ga shi nan tsaye, ya rame, ya yi baƙi, yana tari, da farin rawani irin na can. Bai shigo ba tukuna. Ya tsaya gaban bango yana karanta takardar a hankali, yana murmushi, haƙorin Makka na walƙiya a bakinsa. Akawu na gefe yana cewa, "Matar Yaya ta ce sojoji ne na kawo su kama ka."

Ya shigo ya durƙusa a ƙofar ɗakin Inna ya gaishe ta. Ta kau da kai gefe kamar yadda ta saba, ta amsa a taƙaice. Ta ce da ni, "A ba wancan ruwa. Ba su ba shi abinci a can ba ne?"

Sai bayan gida ya cika ya watse, ina kwashe kwanuka, ta kira ni. Ta sake kama hannuna.

Ta ce, "Ranar da kika ƙunsa, kin tabbata?"

Na ce, "Ban tabbata ba, Inna."

Ta ce, "Na sani. Ina kallonki, zungurun na rawa."

Na ce, "To me ya sa kika sha?"

Ta ce, "Kin sa hannunki a inda ba a fitar da shi. Na ce in ta iya wannan saboda ni, ni ma na iya haɗiye kunu saboda ita." Ta saki hannun, ta gyara kwanciya. "Ki gaya wa ƙaraminsu ya ɓamɓare abin nan daga bangona, tun kafin wata ta sake aiko mana da tuwo."